Kabad ɗin da Na Ƙera

Gdańsk, hawa na shida, sha ɗaya na dare.
Jagoda ta buɗe laftof ɗinta a teburin cin abinci,
baƙa wuluk, jan haske na lilo ƙarƙashin madannai,
fankarta na huci kamar injin jirgin da ke barin tasha.
Shekara biyu tana yanka kifi a kasuwa
kafin ta biya kuɗinta.
Ta wasan yaƙi ce, in ji ta, ba ta san gajiya ba.

Gigabait tamanin take son kwasowa
daga tsohuwar kwamfutar ɗakina:
wasanninta, da bidiyon uwarta tana rawa a bikin Ziemowit.
Allo ya ce saura awa tara.
Ya sake shawara, ya ce kwana biyu.
Jirgin Poznań kuwa bakwai na safe zai tashi,
bai taɓa jiran fayil ɗin kowa ba.

Megabait ɗaya a daƙiƙa.
Hawainiya ma da ta gani sai ta yi tsaki.

Ta kashe rauta ta kunna, ta ƙirga talatin.
Ta sa caja, wai batir na yi wa wayifai rowar wuta.
Ta sabunta direban katin,
na ce direba kuma, a cikin kwamfuta?
Ba ta yi dariya ba.
Ta bar tashar biyu da ɗigo huɗu
inda maƙwabta goma sha tara ke cunkuso,
ta koma ta biyar. Sanda ɗaya tak ta fito,
siririya, tana kyarma, ta ɓace.

Ta zargi na'urar ɗumama abinci, na zare ta daga soket.
Ta zargi Malam Kazimierz na ƙasa da talabijin ɗinsa.
Ta zargi kamfanin, ta zargi ƙasar gaba ɗaya.
Ni dai ina zuba shayi ina cewa
sannu ba ta hana zuwa.
Ta ce, Baba, ƙarasa karin maganar.

Ɗaya saura kwata ta ɗago kai.
Wai ina rautar ma take yanzu?

Na nuna da alfahari.
Shekara talatin da ɗaya na yi ina walda a ma'aikatar jiragen ruwa,
hannuna bai iya zama ba.
A watan jiya wayoyin nan da suka cukurkuɗe a lungu
suka ishe ni, na sayo farantin ƙarfe mai kaurin milimita uku,
na ƙera kabad, na shafa masa shuɗin fenti,
ƙofa na rufuwa ruf, ko iska ba ta ratsawa.
Can na ajiye ta, kada ta yi ƙura.

Ta dube ni. Ta dubi kabad. Ta sake duba na.
Idon uwarta ne sak, ranar da na gyara agogon bango
ya koma tafiya da baya.

Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Ta buɗe ƙofar, ta ɗora rauta saman firji.
Sanduna huɗu suka miƙe tsaye.
Arba'in, hamsin da biyu, sittin.
Saura minti ashirin da biyar, allo ya ce,
wannan karon bai canza magana ba.

Muka zauna muna kallon koren layi na cika.
Da ma kwana biyun ne, na ce a raina,
ban bari ya fito ba.
Da ya kai kan bidiyon bikin sai ta taɓa hannuna,
wurin tabon da tartsatsi ya bari.
Waldar dai ta yi kyau, ta ce.
Ko sigina bai samu hanyar fita ba.

Yanzu kabad ɗin na nan, na zuba masa takalma.
Nata na sanyi suna ciki, ta manta da su.
Ƙofar a buɗe nake barin ta.